Awa Ɗari Uku da Man Angurya

Mutumin da ya duba aikina na digiri na biyu bai taɓa tayar da inji a gabana ba. Shekara biyu na yi a ƙarƙashinsa, kuma fanninsa ke nan, injuna da man da suke sha, amma ko sau ɗaya ban ga baƙin mai a farcensa ba. Dakta muke ce masa. Ya dawo daga Turai da digiri na uku, da kwat kala uku, da wata magana da ba ta barin bakinsa: "A can ba haka ake yi ba." A can ɗalibi ba ya tambaya sau biyu. A can ba a faɗo wa malami ofis sai da alƙawari. Ko a tsakiyar bazara, lokacin da kwalta ke kama takalmi, yana cikin kwat ɗinsa yana sharce gumi da hankici, mu kuma muna tsaye a gabansa muna koyon yadda ake yi a can.

Farkon shekarun tamanin ne, zamanin tsuke bakin aljihu. Man gas ya yi wuya, wutar lantarki ta zama baƙuwa, masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai kuwa da janareto suke lallaɓawa. Duk wanda ya karanta aikin injiniya a lokacin, sai ka ji yana maganar abin da zai maye gurbin gas. Dakta ya ba ni nawa rabon: in gwada man angurya, wato man da ake matsa daga ƙwayar auduga, a ƙaramin inji mai silinda ɗaya, irin wanda ake niƙa da shi ko ban ruwa a fadama. Cewa inji zai tashi da wannan mai, kowa ya sani. Abin tambaya shi ne tsawon lokacin da zai jure. Man angurya yana da kauri, ba ya ƙonewa tas, sai ya riƙa barin baƙar dauɗa a bakin nozul, ɗan ƙarfen nan mai ƙaramar huda da ke fesa mai cikin silinda. In dauɗar ta taru sai feshi ya lalace, inji ya kama hayaƙi, ƙarfinsa ya ragu. Aikina shi ne in bar injin ya yi awa ɗari uku ba a taɓa nozul ba, ina aunawa ina rubutawa, mu ga ranar da zai gaza.

Ni kuwa ba ni da lokacin wasa. Malami ne ni a wata makarantar koyon sana'a, an ba ni hutun karatu na shekara biyu, kuma da ƙarshen damina zai ƙare. In ban kammala ba, zan koma aji hannu rabbana, bayan mahaifina ya gama gaya wa duk mai sallah a masallacin unguwarmu cewa ɗansa yana yin "mastas". Sama da shekara ɗaya da rabi ta riga ta tafi a jiran injin gwaji na jami'a, wanda yake kwance a wargaje tun kafin in zo, ana jiran wani ƙarfe da kullum yake kan hanya. Da abin ya ishi kowa, Dakta ya rubuta wa manajan wani kamfanin matsar mai a Bompai wasiƙa. Manajan ya ba mu wani tsohon inji a rumfar kwano bayan sito, da durom biyu na man angurya, ya kuma haɗa ni da bakaniken da ke kula da injunansu.

Baba kowa ke ce masa, har manajan. Mutumin ƙasar Haɗeja ne, gajere, mai farin gemu, yana zaune a Hotoro, kullum da kekensa yake zuwa. Tun zamanin da gyaɗa ke da daraja yake cikin injuna. Bai yi boko ba. In yana son sanin lafiyar inji, sai ya ɗora tsinin sukudireba a jikinsa, ya kara ƙotar a kunne, ya lumshe ido. Ɗakin injunansa ya fi ofishin Dakta tsafta nesa ba kusa ba, kowace sifana tana rataye a ƙusarta. Tun ranar farko ya sa mini suna Injiniya, da wani ɗan murmushi da har yau ban tantance na girmamawa ne ko na tsokana ba.

Na yi masa bayanin aikin yadda aka koya mini yin bayani, rabi Hausa rabi Turanci, ina zana layuka a takarda. Na ce za mu sa injin ya yi awa ɗari uku da man angurya mu ga ko zai jure. Abin da ban faɗa ba shi ne kada ya taɓa shi. Ta yaya zan kalli sa'an mahaifina, a cikin ɗakin da ya shekara talatin yana mulki, in ce masa ga abin da ba zai taɓa ba? Na ji nauyi. Na kuma ɗauka cewa duk mai hankali ya san ma'anar gwaji, don a lokacin ina ganin hankali a aji ake raba shi.

Ya gama saurarona ya ce, "Zai jure, in sha Allahu. Inji bai taɓa mutuwa a hannuna ba."

Na ce a raina maganar tsofaffi ce, na ninke takardata.

Haka muka fara. Ƙarfe takwas nake isowa, in tarar Baba ya share wurin, ya goge injin, ya duba ruwa da baƙin mai. Mu tayar da shi da man gas, in ya yi zafi mu juya famfo zuwa man angurya. Mun haɗa shi da ƙaramin janareto da jerin ƙwayayen lantarki a jikin katako, don ya ja nauyi. Ni kuma ina zaune a kan benci da agogo a hannu, ina kallon mai yana sauka a cikin bututun gilashi, ina auna zafin salansa, wato bututun fitar hayaƙi, ina duba launin hayaƙi, ina cika littafi. Warin da ke fita kamar na suya ne. Ma'aikata in za su wuce cin abincin rana sai su leƙo su ce, "Injiniya, yau ma ƙosai ake toyawa?" Awa takwas kullum, ranar Juma'a rabi, Lahadi hutu.

Awa hamsin ta wuce, injin ko gezau. Awa ɗari, haka. Littattafan da na karanta duk sun ce kafin nan ya kamata ƙarfinsa ya fara sauka, amma layin da nake zanawa ya miƙe sambal, hayaƙi kuma fes. Da muka kai ɗari da hamsin na kwashi takardu na kai wa Dakta. Ranar ce ya fara ce mini in zauna a ofishinsa.

Ya dubi layin ya daɗe. Sai ya ce ai shi dama ya yi zaton haka. Zafin Kano ne ke tsinka man, kuma audugarmu ba irin tasu ba ce. Mutumin da bai taɓa taka rumfar ba, cikin minti biyar ya samo dalilai biyu, kuma ranar ban ji ya ambaci "a can" ba sai don ya ce za su sha mamaki.

Mako na gaba ya zo Bompai da mai hoto. Ya cire kwat ya sa farar riga ta ɗakin gwaji, sabuwa, da sauran karin guga a jikinta. Ya shimfiɗa hankici a kan injin kafin ya dafa. Da mai hoto ya daidaita, sai Dakta ya ce mini da Turanci in gaya wa tsohon nan ya matsa gefe. Na gaya masa, cikin Hausa mai laushi, kamar laushin zai rage wani abu. Baba ya matsa, ya tsaya a bakin ƙofa yana goge hannu da tsumma. Bayan nan Dakta ya rubuta maƙala ya aika wani taron masana a ƙasar waje, sunansa a gaba nawa a baya. Aka kuma yi hira da shi a rediyo, ya ce bincikensa ya nuna manomi da mai injin niƙa za su iya mantawa da gas. Mahaifina ya ji hirar, ya ce Allah ya haɗa ni da malami na ƙwarai.

Saura awa arba'in a gama, aka yi suna a gidan gwaggona a Hotoro, na kwana can. Da safe ban ga dalilin zama ba, na tako da ƙafa, na iso kamfanin bakwai ba ta yi ba. Na tarar da Baba zaune a bencina. Gabansa gwangwanin madara ne cike da kananzir, kananzir ɗin ya yi baƙi ƙirin. A hannunsa na hagu nozul ɗina ne, a na dama asuwaki, yana goge bakin ƙarfen a hankali yana hurawa.

Na gaishe shi, don ko me ke faruwa sai an gaisa. Sannan na ce, "Baba, me kuke yi?"

"Wanka nake masa. Yau ka yi sammako, Injiniya."

"Tun yaushe kuke cire shi?"

"Tun kwana na huɗu. Na kara kunne na ji muryarsa ta sauya. Man nan naku mugu ne, kwana biyu in aka bar shi sai inji ya fara tari. To ni ban bari ya kai biyun ba. Kullum in na yi asuba na karya, nan nake fara zuwa."

Na nemi durom na zauna. Na yi masa bayanin da ya kamata in yi tun ranar farko, wannan karon da Hausa zalla. Na ce dauɗar nan da yake wankewa ita nake nema. Na ce so ake a bar ta ta taru, a ga lokacin da injin zai kasa.

Ya ajiye asuwakin ya dube ni. Ya ce, "Wato in zauna ina jin inji yana wahala, in naɗe hannu, don kai ka rubuta ranar da zai mutu?"

"Haka gwajin yake, Baba."

"To ni ba a koya mini wannan ba. Wanda ya koya mana aiki cewa yake, in injinka ya yi baƙin hayaƙi, kai ne ka yi abin kunya, ba injin ba. Ba ka jiran a ce ka gyara, ba ka kuma zuwa ka ce na gyara. Kuma na ga yadda malamin nan naka yake maka magana. Na ce kada injin ya ba ka kunya a gabansa."

Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na rasa wanda zan sauke wa. Mutumin nan mako shida yana sammako saboda ni, bai taɓa ambata ba. Kuma ko a cikin fushin na gane wani abu: amsar da nake nema da agogo da gilashi, shi ya same ta da kunne tun kwana na huɗu. Man angurya zai yi aiki in ana wanke nozul kowace safiya, in ba a wankewa zai kashe inji. Wannan sakamako ne mai amfani, wanda mai injin niƙa a ƙauye zai iya riƙewa. Illarsa ɗaya, ba shi aka faɗa a rediyo ba.

Ranar ban tayar da inji ba, na wuce jami'a kai tsaye. Dakta ya saurare ni, ya tashi ya rufe ƙofa da kansa, abin da ban taɓa ganin ya yi ba.

Ya ce, "Wa ya sani?"

"Ni da Baba, Yallaɓai."

"Ka rubuta a littafin awo?"

"Ban rubuta ba tukuna."

"To abin da ba a rubuta ba, bai faru ba."

Na ce ai za mu iya faɗin gaskiya, mu ce ana wankewa kullum, sakamakon ma yana da kyau a haka. Ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Ya ce an riga an karɓi maƙalarsa, wata mai zuwa zai tashi, ba zai tsaya gaban masana ya ce musu wani lebura da asuwaki ne ya riƙe masa bincike ba. Na ce to a sake gwajin. Ya ce mako bakwai ke nan, kamfani kuma ya ce yana son rumfarsa kafin sabuwar angurya ta shigo, hutuna kuma saura wata biyu.

Sai ya gyara zama ya shimfiɗa mini hanya biyu, cikin natsuwa, kamar mai karanta jadawalin jarrabawa. Ko in ƙarasa awa arba'in ɗin in rubuta kundina yadda alƙaluma suka nuna, ya sa hannu. Ko kuma shi ya rubuta wa manaja cewa bakanikensu ya lalata binciken jami'a, a ɗauki mataki a kansa, ni kuma in je in roƙi ma'aikatarmu ƙarin shekara, in ga ko za su ba ni. Hanya ta uku, wadda na zo da ita, bai ma ƙidaya ta ba. Ya ce in yi tunani, ya buɗe ƙofa.

Shekaru da yawa ina gaya wa kaina cewa don aikin Baba na zaɓi ta farko. Labarin yana da daɗin ji, har na kusa yarda da shi. Amma manajan nan ba zai kori mutumin da ke riƙe masa da injuna saboda wasiƙar wani mai kwat ba, kuma na san haka tun a ranar. Don kaina na yi. Na tuna masallacin unguwarmu, na tuna abokan aikina da za su tambaye ni ina takardar, na ji ba zan iya ba. Dakta bai tilasta mini komai ba, ya dai auna ni ne, ya ga daidai inda zan karye. A wannan awon kam ƙwararre ne.

Na koma Bompai muka ƙarasa. Ban ce wa Baba ya daina wankewa ba, ban ce ya ci gaba ba. Abin da na yi kawai shi ne na tabbata ban sake isowa kafin takwas ba. In na zo da wuri sai in tsaya wajen mai shayi a bakin get har agogo ya cika. Layin ya ƙare a miƙe kamar yadda ya fara. Na rubuta kundin cikin mako uku, kuma a babi na uku, da hannuna, na rubuta cewa ba a cire nozul ba daga farkon gwaji har ƙarshensa.

Ranar kare kundi aka kawo mai jarrabawa daga wata jami'a, wani dattijo siriri mai tabon ƙuna a bayan hannu. Da ganin hannun nan na san ya taɓa riƙe salansa mai zafi. Ya yi tambayoyi kan awo na amsa. Sai ya buɗe inda layin yake, ya ɗora yatsa a kai.

Ya ce, "Awa ɗari uku da ɗanyen man angurya, kuma ba a taɓa cire nozul ba?"

Dakta ya ɗaga kai yana nazarin fankar silin.

Na ce, "Ba a taɓa ba, ranka ya daɗe."

Dattijon ya dube ni ta saman tabarau, dubawar da ta fi minti ɗaya a wurina. Ya ce, "To, ka yi sa'a." Ya sa hannu. Dakta ya miƙo mini nasa hannun a karon farko, mai laushi, mai sanyi, ya ce ya san ba zan ba shi kunya ba.

Bayan an ɗinke kundin da baƙin bango da rubutun ruwan zinare, na ɗauki kwafi ɗaya na tafi Bompai in nuna wa Baba. A shafin godiya na gode wa Dakta layi biyar, na gode wa manaja, na gode wa "ma'aikatan kamfani" a dunƙule. Na tarar da shi a ɗakin injunansa. Ya wanke hannu da sabulu sau biyu kafin ya karɓa, ya juya shi, ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya yi mini barka.

Sai ya ce, "Wani mutumin garinmu mai injin niƙa ya ji malaminka a rediyo, ya zo har gida yana tambayata. Na ce masa ya sa man, amma ya wanke nozul kullum da safe, in ba haka ba kafin wata ya yi asarar inji. To shi ya san ni. Wanda bai san ni ba fa? Ka dai rubuta a ciki ko?"

Na ce, "Na rubuta, Baba."

"Karanta mini wurin in ji."

Na karɓi kundin na buɗe babi na uku. Na ɗora yatsa a kan layin da ya ce ba a cire nozul ba daga farko har ƙarshe, na bi shi da yatsa a hankali kamar mai fassara, na ce, "Duk wanda zai sa man angurya a injinsa, lallai ne ya cire nozul kowace safiya, ya wanke shi da kananzir, ya goge bakinsa tas kafin ya tayar."

Baba ya sunkuyo ya kalli inda yatsana yake, ya gyaɗa kai.

Ya ce, "Madalla. Tunda ya shiga littafi, ko bayan raina ba wanda injinsa zai mutu a banza. Allah ya yi maka albarka, Injiniya."

Na ce amin. Ya rako ni har bakin get, yana riƙe mini da kundin don kada gumin hannuna ya ɓata bangon.